Blenheim: jirgin bam da ya tsufa tun yana cikin masana'anta

A tsakiyar shekarar 1935 aka kai wani jirgin fasinja mai inji biyu filin gwajin jirage na sojan saman Birtaniya da ke Martlesham Heath, a gabashin Ingila. Jirgin wani attajiri ne, mai kujerun fasinja shida, wanda ya sa aka ƙera masa don tafiye-tafiyensa. Da matuƙan soja suka tashe shi suka auna, sai ga shi yana gudun kilomita 494 a awa ɗaya. Jirgin farauta mafi sauri da rundunar take da shi a lokacin, wato Gloster Gauntlet, iyakarsa wajen kilomita 370. Jirgin farauta shi ne ƙaramin jirgin da aikinsa ya tare jiragen abokan gaba a sama ya kakkaɓo su. Ke nan da maƙiyi zai cika irin wannan jirgin fasinja da bama-bamai ya nufo Landan, babu wani abu da Birtaniya ta mallaka da zai cim masa, balle ya harbo shi.

Daga wannan jirgi aka fitar da Bristol Blenheim, jirgin bam ɗin da Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da shi fiye da kowane iri. Shekara biyar kacal bayan wancan gwaji, ranar 17 ga Mayu 1940, runduna ta 82 ta tura Blenheim goma sha biyu su kai wa sojojin Jamus hari kusa da Gembloux a ƙasar Beljiyam. Ɗaya ne ya dawo. Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda jirgin da aka yi ta yi wa kirari ya zama makarar samari cikin ɗan lokaci haka, alhali ba a sauya masa komai da zai rage masa ƙarfi ba. Amsar tana ofisoshin gwamnati da cikin masana'antu fiye da yadda take a fagen fama.

Mai jirgin, Lord Rothermere, shi ne mamallakin jaridar Daily Mail. Mutum ne mai wuyar sha'ani. A shekarun nan yana yabon Hitler a jaridarsa, har ya ziyarce shi, amma kuma yana ta kwarmata cewa an bar Birtaniya a baya wajen ƙarfin sama, kuma wata rana za ta ɗanɗana kuɗarta. A 1934 ya ji labarin cewa kamfanin Bristol da ke Filton yana da zanen wani ƙaramin jirgin fasinja na zamani. Sai ya ba da kwangila a kan fam 18,500, da sharaɗin a yi masa jirgin da ya fi kowane jirgin farar hula sauri a Turai. Babban mai zanen kamfanin, Frank Barnwell, ya karɓi aikin, aka ɗora wa jirgin injinan Mercury na Roy Fedden, mai kula da sashen inji. Ranar 12 ga Afrilu 1935 ya fara tashi. Rothermere ya raɗa masa suna Britain First, wato Birtaniya ce kan gaba, kuma da ya ga sojoji sun ƙyalla ido a kansa sai ya ba ƙasa kyauta.

Babu wani sihiri a saurin nan. Jiragen sojan Birtaniya na lokacin masu fiffike biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da sanduna da wayoyi, an lulluɓe jikinsu da yadi mai kauri, tayoyinsu na reto a ƙasa, matuƙi kuma na zaune a fili iska na dukan fuskarsa. Kowace waya da kowace sanda iska take tarewa. Jirgin Barnwell fiffike ɗaya gare shi, jikinsa na alminiyam ne sumul, kuma fatar ƙarfen da kanta tana ɗaukar wani kaso na nauyi, don haka ba a bukatar tarin sanduna. Tayoyinsa na naɗewa su shige bayan inji idan ya tashi. Daga baya aka sa masa farfelar da ake iya juya kwanciyar ruwanta, ta ciji iska sosai wajen tashi, ta kuma dace da tafiya idan an yi nisa a sama. Amurkawa sun riga sun nuna wannan hanya da jirgin Martin B-10 tun 1932, Rasha na da Tupolev SB, Jamus na ƙera Dornier 17 da Heinkel 111. Birtaniya ce ta makara, shi ya sa abin ya girgiza ta.

Akwai kuma aƙidar da wannan sauri ya zo ya faɗa a kanta. Tun 1921 wani janar ɗin Italiya, Giulio Douhet, yake cewa yaƙin gaba jiragen bam ne za su yi shi su gama, ta hanyar ragargaza birane har jama'a su tilasta wa gwamnatinsu ta miƙa wuya. A Birtaniya, Hugh Trenchard, wanda ya raini rundunar sojan sama tun tana jaririya, ya kafa ta a kan tunanin kai hari. Rundunar ta samu abin kafa hujja a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka: a 1920 jirage ƙalilan suka yi ruwan bama-bamai a kan sansanonin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a Somaliya, daga baya aka yi ta yin haka a Iraƙi da iyakar Indiya da Afganistan. Ƙauyukan da aka ƙona ba su da jirage, ba su da bindigar harbo jirgi, saboda haka darasin da aka ɗauko daga can gurguwar fahimta ce, ban da zaluncin da ke cikinsa. Amma ya zauna a zukatan manyan hafsoshi. A Nuwamba 1932 Stanley Baldwin, jigo a gwamnatin Birtaniya, ya tsaya a majalisa ya ce ko me aka yi, jirgin bam zai kutsa ya wuce. A lokacin maganarsa tana da tushe. Ba a da na'urar hango jirgi daga nesa. Kafin a ji ƙararsa, jirgin farauta ya tashi ya hau sama, jirgin bam ya riga ya zubar da kayansa ya juya.

Ga aƙida, ga kuma tsoro. A Maris 1935 Jamus ta fito fili ta ce tana da rundunar sojan sama, abin da yarjejeniyar Basai, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Farko, ta haramta mata. A watan nan Hitler ya gaya wa sakataren harkokin wajen Birtaniya, John Simon, cewa ya riga ya kamo su a yawan jirage. Ƙarya ce, amma ta yi aiki. Baldwin ya riga ya yi wa majalisa alkawarin cewa ba za a bar wata ƙasa da ke kusa ta fi Birtaniya ƙarfi a sama ba, kuma hanyar da 'yan siyasa da 'yan jarida suke auna wannan ƙarfi ita ce ƙidaya. Jirage nawa gare mu, nawa gare su? A irin wannan lissafi, ƙaramin jirgin bam mai araha da babban jirgi mai tsada duk ɗaya ake ƙirga su. Baitulmali, ƙarƙashin Neville Chamberlain, yana neman inda za a samu adadi da kuɗi kaɗan. To ana cikin wannan hali sai ga jirgin Rothermere.

Barnwell bai ɓata lokaci ba. Ya ɗaga fiffiken daga ƙasan jiki zuwa tsakiya don a samu wurin zuba bama-bamai a ƙarƙashinsa, ya buɗe wurin maharbi a gadon baya, ya sa gilasai a hanci. A Satumba 1935 Ma'aikatar Sojan Sama ta ba da odar guda 150 tun jirgin yana kan takarda. Wannan sabon abu ne. A da sai an ƙera na gwaji, a gwada shi, a gyara, a sake gwadawa, abin da kan ci shekara biyar ko fiye. Yanzu aka tsallake duk wannan. Na farko ya tashi ranar 25 ga Yuni 1936, kuma a Maris 1937 runduna ta 114 da ke Wyton ta fara karɓar nata. Matuƙan da jiya suke tuƙa Hawker Hind mai gudun kilomita 300 suka wayi gari da jirgin da ke kaiwa wajen 460.

Gaggawar ta bar tabonta a jikin jirgin. Wurin zaman matuƙi matsattse ne, sitiyarin yana kare masa wasu agogunan da ke gabansa, wasu maɓallai masu muhimmanci kuma, har da na juya farfela, suna bayan kujerarsa, sai dai ya miƙa hannu ya lalubo su ba tare da ya gani ba. Mai duba hanya yana zaune a gefensa babu teburin kirki na shimfiɗa taswira. Ƙofofin rumbun bam ɗin ma ba inji ke buɗe su ba. Igiyar roba ce ke riƙe da su, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. Idan aka saki bam, nauyinsa ne zai danne ƙofar ta buɗe, robar ta sake janyo ta. Wannan ɗan jinkiri tsakanin sakin bam da fitarsa ya isa ya kautar da shi daga inda aka auna. Kayan da yake ɗauka gaba ɗaya kilo 454 ne. Makamin kare kansa bindiga ɗaya ce a fiffiken hagu, wadda matuƙi ke harbawa gaba, da ɗaya a hannun maharbin baya, dukansu masu harsashi daidai da na bindigar sojan ƙasa. Babu sulke a bayan kujeru, tankunan mai kuma ba irin masu toshe kansu ba ne idan harsashi ya huda su. Ba mantuwa aka yi ba. An yi lissafi ne cewa sauri shi ne sulkensa, kuma duk kilo ɗaya na ƙarfe da aka ƙara zai rage saurin.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi kalanda. A shekarar da Britain First ya tashi, a watan Mayu, Jamusawa suka tayar da Messerschmitt 109 karo na farko. A Nuwamba Hawker Hurricane ya tashi, a Maris 1936 Spitfire ya biyo baya. Dukansu jiragen farauta ne masu fiffike ɗaya da tayoyi masu naɗewa, wato dabarun da suka ba jirgin bam fifiko su ne aka ɗora wa mafaraucinsa. Mafarauci kuwa ba ya ɗaukar bam, ba ya ɗaukar mutum uku, ba ya ɗaukar man tafiya mai nisa, don haka idan fasaharsu ta zo ɗaya dole ya fi gudu. Tun a gwaji Hurricane ya wuce kilomita 500, Spitfire ya kai wajen 560. Sannan a Fabrairu 1935, kusa da Daventry, Robert Watson-Watt da abokin aikinsa suka nuna cewa ana iya gano jirgi daga nesa da igiyar rediyo, abin da ya zama na'urar rada. Jamusawa ma suna nasu aikin a ɓoye. Ginshiƙai biyun da maganar Baldwin ta tsaya a kansu, cewa ba a ganin jirgin bam da wuri kuma ba a cim masa, duk sun fara tsagewa kafin Blenheim na farko ya fito daga masana'anta. Ratar da aka gani a Martlesham Heath rata ce tsakanin jirgin gobe da mafaraucin jiya, kuma irin wannan rata ba ta wuce shekara biyu ko uku.

Manyan hafsoshi sun san wani abu daga cikin wannan. A 1936 ɗin nan suka fitar da bukatar manyan jiragen bam masu nisan zango, waɗanda daga cikinsu aka samu Stirling da Halifax da Manchester, wanda ya rikiɗe ya zama Lancaster. Sai dai waɗannan ba za su shiga aiki ba sai wajen 1941 zuwa 1942. Me za a riƙe kafin nan? Da me za a horar da dubban matuƙa? Me za a nuna wa Hitler? Abin da ke hannu shi ne Blenheim da ɗan'uwansa mai inji ɗaya, Fairey Battle, wanda ya fi shi rauni.

Batun masana'anta shi ne zuciyar labarin, kuma shi aka fi tsallakewa. Kamfanonin jirage na Birtaniya ƙanana ne a lokacin, sun saba da odar jirgi ashirin ko hamsin, ƙwararrun masu aikin hannu suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙarfe kuwa wani aiki ne daban. Yana bukatar manyan injinan matse ƙarfe, da ma'aunai da firam-firam na musamman da ake ɗora fiffike a kai don kowane ya fito daidai da ɗan'uwansa, da dubban ƙananan ƙusoshi da ake dasawa ɗaya-ɗaya. Shirya waɗannan kaya kaɗai kan ci shekara ko fiye, kuma na jirgi ɗaya ba sa yi wa wani. Ministan sojan sama, Lord Swinton, ya fito da tsarin da aka kira masana'antun inuwa a 1936: gwamnati ta gina masana'anta da kuɗinta, ta damƙa wa kamfanonin motoci su gudanar, su ƙera abin da kamfanin jirgi ya zana. Kamfanonin Austin da Daimler da Rover da Standard da Rootes suka raba sassan injin Bristol a tsakaninsu, kowa na yin nasa, a tattara a haɗa. Lord Nuffield na kamfanin Morris ya ƙi shiga, yana ganin raba inji ɗaya tsakanin masana'antu da yawa ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Gangar jikin jirgin kuma, ban da Filton, aka ba Rootes a Speke kusa da Libaful, da kamfanin Avro a yankin Manchesta.

Tsarin ya yi aiki, har ya wuce yadda ake zato. Mutanen da ba su taɓa taɓa jirgi ba suka koyi aikin alminiyam, kamfanonin mota suka koyi irin tsantsenin da injin jirgi ke bukata, inda kuskuren da bai kai kaurin gashi ba kan kashe mutum. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Satumba 1939, rundunar na da Blenheim fiye da dubu. Amma nasarar ita ce ta zama ƙangi. Da zarar masana'anta ta kama gudu a kan jirgi ɗaya, tsayar da ita don a koma wani yana nufin watanni babu abin da ke fitowa, ma'aikata su watse, adadin da ake kai wa majalisa ya faɗi. Babu ministan da zai sa hannu a kan haka a 1938, shekarar da aka je Munik ana lallashin Hitler. Sai aka riƙa ƙara oda don kada layin ya tsaya, ana cewa na wucin gadi ne kafin sababbi su iso. Na wucin gadin nan ne ya kai jimillar da aka ƙera sama da 4,400.

Gyaran da aka iya yi shi ne wanda ba zai taɓa layin sosai ba. Aka tsawaita hancin aka samar wa mai duba hanya teburi, aka rage tudun gefen hagu na hancin don matuƙi ya riƙa ganin gabansa wajen sauka, aka ƙara tankunan mai da ƙarfin inji daga doki 840 zuwa 920. Wannan shi ne samfuri na huɗu, wanda ya shiga aiki a 1939. Nauyi ya ƙaru, gudu ya sauko zuwa wajen kilomita 428. Messerschmitt 109 na lokacin yana yin wajen 560. Barnwell bai ga ƙarshen abin ba, domin ya rasu a Agusta 1938 a haɗarin wani ƙaramin jirgi da ya ƙera wa kansa. Leslie Frise ya gaje shi, kuma a hannunsa zuriyar Blenheim ta kai ga Beaufighter, wanda ya yi suna na gaske.

Yaƙi bai yi jinkirin bayyana gaskiya ba. Ranar 3 ga Satumba 1939 Blenheim ne jirgin Birtaniya na farko da ya ƙetara gaɓar Jamus, ya je leƙen jiragen ruwa a Wilhelmshaven. Washegari aka tura goma sha biyar su kai hari, biyar ba su ga wurin ba suka juyo, biyar daga cikin goman da suka isa aka harbo su. Bama-baman da suka samu jirgin ruwan Admiral Scheer ba su fashe ba, saboda an sake su daga ƙasa-ƙasa ƙwarai. A Mayu 1940, da Jamus ta kutsa Faransa, aka riƙa tura Blenheim da Battle da rana tsaka su fasa gadoji da ayarin tankoki. Ranar 14 ga wata, a Sedan, jirage 71 suka tafi, 40 ba su dawo ba. Runduna ta 82, wadda aka share a Gembloux, aka sake cika ta da sababbin jirage da sababbin yara cikin kwanaki kaɗan, tunda masana'anta na fitar da su. Ranar 13 ga Agusta aka aike ta Aalborg a Denmak: goma sha biyu suka tashi, ɗaya ya juyo a hanya, sha ɗayan da suka isa babu wanda ya tsira da jirginsa. Sau biyu cikin wata uku.

Wanda ya fi ba ni tausayi a cikin mutum ukun da ke cikin jirgin shi ne maharbin baya. A farkon yaƙi yawancinsu ƙananan ma'aikatan ƙasa ne, masu aikin rediyo da makamantansu, da ake ba ɗan ƙarin kuɗi su hau jirgi, ba tare da horon harbi na kirki ba. Shugaban rundunar jiragen bam na lokacin, Edgar Ludlow-Hewitt, ya sha rubuta wa ma'aikata cewa maharbansa ba su shirya ba. Yaro ne zaune cikin ƙoƙon gilashi, sanyi na ratsa shi, da bindiga ɗaya mai ƙaramin harsashi, yana fuskantar jirgin da ya fi nasa gudu da fiye da kilomita ɗari kuma yana ɗauke da igwa mai harsashi mai fashewa. Daga baya an ƙara bindigogi, an sa sulke, an gyara tankuna. Kowane ƙari sai ya sake cin wani abu daga saurin da ya rage.

To laifin wa? A ganina sayen Blenheim a 1935 ba kuskure ba ne. Da Birtaniya ta tsaya jiran jirgin da babu aibi, da ta shiga 1939 da jirage masu fiffiken yadi, babu masana'antu, babu matuƙan da suka saba da inji biyu da tayoyi masu naɗewa. Masana'antun da aka gina dominsa su ne daga baya suka juya ga manyan jirage. Har a daren 22 ga Yuli 1940 wani Blenheim da aka sa wa rada a ciki ya harbo jirgin Jamus cikin duhu, karo na farko da aka yi hakan. Inda ba zan yi wa manya uzuri ba shi ne abin da ya biyo bayan Mayu 1940. A lokacin babu wanda zai ce bai sani ba. Duk da haka a 1941 aka ci gaba da tura su da rana, dab da ruwa, su afka wa jiragen ruwa masu cike da bindigogi a Tekun Arewa da Bahar Rum, aka kuma tura 54 har kusa da birnin Kolon na Jamus a watan Agusta su fasa tashoshin lantarki, goma suka salwanta. Dalilin da ake bayarwa shi ne a nuna wa Rasha ana taimaka mata, a nuna wa jama'a ana kai hari. Dalilin da ba a faɗa shi ne jiragen suna nan jibge, kuma abin da ke jibge sai an yi amfani da shi.

Tunanin jirgin bam mai tsira da gudu bai mutu ba, ya nuna dai yana da sharaɗi. A Nuwamba 1940 kamfanin de Havilland ya tayar da Mosquito, na katako, mai injinan Merlin biyu, mutum biyu kawai, babu maharbi babu bindigar kariya ko ɗaya, kuma yana wuce kilomita 600. Shi ya bi tunanin har ƙarshensa, ya zubar da duk abin da ke ja da baya. Blenheim ya tsaya a tsakiya: bindigoginsa sun isa su rage masa gudu, ba su isa su kare shi ba.

Akwai wani aikin da Blenheim ya yi wanda ya biyo ta ƙasarmu Najeriya. Bayan Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940 kuma Faransa ta faɗi, kai jirage Masar ta Bahar Rum ya zama kasada. Sai aka riƙa kawo su cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, su taso Legas, su kwana Kano, su bi ta Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato Njamena, sai El Geneina da El Fasher da Khartum, har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Hanyar ta buɗe ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940. Ayarin farko ya tashi a Satumba. Jirgin Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, ba shi da mai duba hanya, saboda haka Blenheim ne kan shiga gaba, ƙananan na biye da shi, ya ratsa da su ta cikin hazon hunturu da hadarin damina. Jirage fiye da dubu biyar suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Kano dama ta san jiragen bam tun Nuwamba 1925, sa'ad da guda uku ƙirar DH.9A suka taso daga Masar suka sauka a can. A wannan aiki na jagora, inda babu Messerschmitt, nisan zangonsa da mutum ukunsa da injinansa masu sanyaya kansu da iska sun yi rana. Sojojin Faransa masu bin de Gaulle ma sun yi amfani da shi daga Cadi lokacin da kwamandansu Leclerc ya nufi Kufra da ke Libiya a 1941.

Sauran ƙasashe sun karɓe shi hannu biyu. Finlan da Yugoslabiya sun sayi lasisin ƙera shi, Turkiyya da Romaniya sun saya, Kanada ta ƙera nata da sunan Bolingbroke, yawanci don sintiri da horo. Finlan ta riƙe nata har 1958.

A Ingila, rundunar jiragen bam ta daina tura shi Turai a Agusta 1942, amma layin Rootes bai tsaya ba. Aka fito da samfuri na biyar, mai ƙarin sulke da ƙarin nauyi a kan kusan injin nan dai na da, aka ƙera fiye da 900, aka tura su Afirka ta Arewa da Gabas Mai Nisa, inda ake ganin za su iya lallaɓawa. Ranar 4 ga Disamba 1942, a Tunisiya, Hugh Malcolm, shugaban runduna ta 18, ya jagoranci ayarinsu zuwa wani filin jiragen Jamus da rana, babu jiragen rakiya. Mafarauta masu yawa suka tare su, babu jirgi ɗaya da ya koma gida lafiya, shi kansa ya mutu yana da shekara 25. An ba shi lambar Victoria Cross, mafi girma a sojan Birtaniya, ɗaya daga cikin uku da matuƙan Blenheim suka samu. Masana'antar ta ci gaba da fitar da samfurin har tsakiyar 1943.